Yadda Ake Rubutu a Gefen Littafi Ba Tare da An Ɓata Shi Ba

A cikin kayan da muka gada daga kakanmu akwai wata tsohuwar Risala ta rubutun hannu, wadda ganyayenta ba a ɗinke suke ba, ana tara su ne tsakanin bango biyu na fata, a ɗaure da igiya, sannan a saka a gafaka. Layukan Larabcin manya ne, kuma wanda ya kwafe ta ya bar fili mai yawa a tsakaninsu da gangan. A cikin wannan fili da gefen kowace takarda akwai ƙananan rubuce-rubuce, wani a kwance, wani a karkace, wani kuma ya hau sama har sai ka juya takardar kafin ka iya karanta shi. Wani wurin ma'anar kalma ce guda da ajamin Hausa, wani wurin gyara ne na harafin da mai kwafi ya tsallake, wani wurin kuma bayani ne da aka ji daga bakin malami a zaure. Hannu uku nake iya rarrabewa a ciki, domin tawadarsu da jan alƙalaminsu sun bambanta. Duk lokacin da na buɗe ta ina jin kamar na tarar da mutane uku suna karatu, sun matsa sun ba ni wuri.

Na kawo wannan ne saboda tambayar da ɗalibai da iyaye suke yawan yi, wato ko ya dace mutum ya yi rubutu a cikin littafinsa, ko ya shafa masa launi da alƙalamin nan da ake kira hailaita. Wasu suna ganin duk wani zane a kan shafi wulaƙanta littafi ne, wasu kuma ba sa jin sun yi karatu sai shafi ya koma rawaya daga sama har ƙasa. Abin da nake gani shi ne, mutum ya yi rubutu a littafinsa, amma ya rubuta kalmomin da suka fito daga tunaninsa, ya rage shafa launi, kuma ya san littafin da hannunsa bai isa ya taɓa ba. Ga yadda ake bi.

Kafin ka ɗauki fensir, ka fara tambayar kanka na wane ne littafin. Idan na aro ne, magana ta ƙare, ko ɗigo ɗaya ba naka ba ne ka sa, kuma ba hujja ba ce ka ce za ka goge, tun da gogewa tana cin fuskar takarda, tana kuma barin gurbin da mai littafi zai gani. Haka abin yake ga littafin laburare, da na shagon haya irin waɗanda ake karɓar littattafan hikaya a cikinsu a unguwannin Kano da sauran garuruwa, da kuma littattafan waƙafi da ake ajiyewa a masallaci. Na taɓa ara wa wani abokin karatu littafin nahawu da na daɗe ina tara kuɗinsa, ya dawo mini da shi babi biyu a shafe da kore, tawadar ta ratsa zuwa bayan shafi. Bai yi da mugun nufi ba, amma har yau idan na buɗe wurin idona yana bin abin da shi ya zaɓa, ba na iya karanta babin da idon kaina. Wannan ita ce ɓarnar da ba a cika lura da ita ba: wanda ya yi alama a littafin wani ya riga ya yanke wa duk mai zuwa bayansa hukuncin abin da yake da muhimmanci.

Akwai kuma littafin da naka ne a yau amma gobe na wani ne. A yawancin gidajenmu littafin lissafi ko na Turanci na sakandare daga wa yake sauka zuwa ƙane, daga ƙane zuwa ɗan maƙwabta, kuma kuɗin littafi a yanzu ba abin wasa ba ne. Irin wannan kada ka cike amsoshin atisaye a cikinsa, domin ka hana na bayanka damar gwada kansa. Amsa wurinta littafin rubutu. Abin da zai amfani ƙanenka shi ne ka nuna masa da fensir inda aka yi kuskuren bugu, ko ka rubuta ma'anar wata kalma mai wuya.

Tsofaffin takardun rubutun hannu kuwa, irin Risalar da na ambata, ko waɗanda ake adanawa a Gidan Arewa da ke Kaduna da Gidan Tarihi na Waziri Junaidu da ke Sakkwato, sun wuce lokacin da za a ƙara musu wani abu. Idan kana da irinsu a gida, ka ɗauki hotonsu ka yi aiki da hoton. Shi Alƙur'ani mai girma yana da nasa ladabin. Gaskiya ne cewa malaman Barno sun bar kwafe-kwafen nazari masu ɗauke da fassarar kalmomi da tsohon harshen Kanembu tsakanin layuka, da tafsiri a gefe, har ɗaya daga cikinsu yana ɗauke da kwanan wata na shekarar 1669. Amma waɗannan aikin masana ne da suka san abin da suke rubutawa, kuma malamai tun farko sun yi magana a kan tsare nassin Alƙur'ani daga cuɗanya da wani rubutu. Mai hadda da yake son sa alama a inda yake yawan kuskure ya nemi iznin malaminsa da yadda zai yi, kuma ya tsaya a kan nasa kwafin.

Idan littafin naka ne halak malak, sai maganar kayan aiki. Fensir ya fi komai. Ba ya ratsa takarda, ba ya dusashewa da rana, ruwa ba ya narkar da shi, kuma idan fahimtarka ta sauya kana iya gyarawa. Fensir mai lambar HB ya wadatar, mai lambar 2B ya fi baƙi da laushi amma yana shafar shafin da ke fuskantarsa idan an matse littafi. Ka riƙa fiƙe shi sosai, saboda gefen littattafan zamani siriri ne. Biro yana da illa biyu, ba ya goguwa, kuma matsa shi da ake yi yana huda siririyar takarda. Alƙalamin tawadar ruwa ya fi shi ɓarna a kan irin takardar da ake buga littattafai masu araha da ita, mai kama da ta jarida, wadda take shan tawada ta watsa ta, musamman da damina lokacin da takarda ta ɗauki laima. Duk abin da za ka yi amfani da shi, ka gwada shi tukuna a kusurwar shafin ƙarshe, ka juya ka duba bayansa. Idan ya ɓullo, ka ajiye shi. Takardun nan masu danƙo da ake liƙawa suna da amfani na ɗan lokaci, sai dai idan suka daɗe suna barin danƙo da ke jan ƙura, wani lokaci ma su ɗauko tawadar bugun idan an zo ɓambare su.

Abu na gaba shi ne lokaci, kuma a nan ne mafi yawan masu karatu suke kuskure. Kada ka yi alama a karon farko da idonka ya sauka a kan jimla. A lokacin ba ka san inda marubuci ya dosa ba, saboda haka kowace jimla mai daɗin ji za ta yi maka kama da ginshiƙin magana. Ka karanta sakin layi har ƙarshe, ko ma fasalin gaba ɗaya idan gajere ne, fensir yana ajiye. Sannan ka ɗaga kai daga littafin ka tambayi kanka abin da aka ce. Idan ka iya faɗa da kalmominka, sai ka koma ka rubuta shi a gefe, a taƙaice, kalma biyar zuwa goma. Idan ka kasa, to ka gano inda matsalarka take, kuma alamar tambaya ce ta dace da wurin.

Me za a rubuta? A nan ba mu da bukatar aron tsari daga nesa, domin malaman da suka gabace mu sun riga sun tsara hanya mai kyau, wadda duk wanda ya taɓa zama a makarantar zaure ya ga ragowarta. Kalmar hashiya da muke ji a sunayen manyan littattafan fiƙihu asalin ma'anarta gefe ne, wato gefen takarda. Hashiyar Adawi a kan sharhin Risala da Hashiyar Dasuƙi a kan babban sharhin Dardir, waɗanda ɗaliban mazhabar Malikiyya suke karantawa har yau, sun samo sunansu ne daga wannan al'ada ta yin bayani a gefen bayanin wani. Abin da ya sa irin wannan rubutu ya yi amfani tsawon ƙarnuka shi ne kowane nau'i yana da alamarsa da wurinsa.

Ma'anar kalma ana rubuta ta ne a ƙarƙashin kalmar ko a samanta, ƙarama, ba a gefe ba. Ka yi haka da littafin Turanci ko na Larabci ko na Faransanci, ka sa ma'anar da Hausa a saman kalmar da ta tsaya maka. Amma ka taƙaita, domin idan ka fassara kowace kalma za ka wayi gari Hausarka kake karantawa, harshen da kake son koya yana nan yadda ka same shi. Gyara kuma suna rubuta shi a gefe, su ja ɗan lanƙwasasshen layi daga inda aka yi tsallake zuwa ɓangaren da gyaran yake, su rufe da kalmar sahha, ma'ana wannan ya inganta. Darasin da ke ciki shi ne kada ka soke abin da aka buga har ya ƙi karantuwa, saboda mai yiwuwa ne kai ne ka yi kuskure, marubuci yana kan daidai. Ka bar nasa a fili, ka sa naka a gefe. Inda suka ci karo da mas'ala mai nauyi sukan rubuta ƙif, wato tsaya a nan, ko su rubuta fa'ida. Inda suka ciro maganar wani malami sukan ambaci sunansa ko littafinsa, su rufe da intaha, domin a san inda maganarsa ta ƙare da inda tasu ta fara. Akwai kuma kalmar balaga, wato an kai nan, wadda ake sa wa a inda karatu ko gwada kwafi da asali ya tsaya.

Ina ganin alamar intaha ita ce ta fi cancantar mu farfaɗo da ita. Bayan shekara uku ba za ka tuna ko jimlar da ke gefen shafi tunaninka ce, ko malami ne ya faɗa a aji, ko daga wani littafi ka kwaso ta ba. Ɗalibai da yawa sun faɗa cikin zargin satar fasaha a kundin kammala karatu ta wannan ƙofa, ba don sun yi niyya ba. Saboda haka ka sa wa kanka doka: maganar malami ka fara ta da harafin sunansa, maganar wani littafi ka sa sunan littafin da lambar shafi, taka kuma ka bar ta haka nan. Sauran alamomin kada su wuce huɗu ko biyar. Layi a tsaye a gefe ya nuna sakin layi mai muhimmanci, wanda ya fi tsafta a kan jan layi ƙarƙashin jimla shida a jere. Alamar tambaya ta nuna abin da ba ka gane ba. Kalmar "duba" da lambar shafi ta haɗa wuri biyu da suke magana a kan abu ɗaya, ko suke saɓa wa juna. Lambobi 1, 2, 3 a gefe su jera hujjojin da marubuci ya warwatsa a cikin dogon bayani. Ka rubuta ma'anar alamominka a bangon ciki na farko, ka kuma riƙe su iri ɗaya a dukkan littattafanka.

Rubutun da ya fi kowanne daraja a wurina shi ne na saɓani, inda za ka ce ban yarda ba, ka kawo dalili. Da yawa daga cikinmu mun tashi da jin nauyin duk abin da aka buga, kamar bugawa ta mai da shi gaskiya. Girmama marubuci wajibi ne, amma rubuta "wannan ya saɓa da abin da ya faɗa a shafi na 42" ba raini ba ne, shaida ce cewa ka ɗauki maganarsa da gaske har ka auna ta. Sharaɗin kawai shi ne dalili ya biyo baya, kuma harshe ya zama mai ladabi. Rubuta "ƙarya ne" kawai ba ya amfanar kowa, har da kai idan ka dawo bayan shekaru.

Sai maganar launi. Farin jininsa ya zo ne daga sauƙinsa, hannu yana tafiya, shafi yana sauya kama, mutum yana jin ya yi aiki. A shekarar 2013 wani masanin halayyar ɗan Adam a Amurka, John Dunlosky, tare da abokan aikinsa, sun fitar da nazari a kan dabarun karatu guda 10 da ɗalibai suke amfani da su. Shafa launi da jan layi sun faɗo cikin masu ƙarancin amfani, tare da maimaita karanta abu ɗaya, yayin da gwada kai da tambayoyi da kuma rarraba bita a kan kwanaki suka zo a sama. Dalilin a fili yake. Kana iya shafa wa jimla launi ba tare da ka fahimce ta ba, amma ba za ka iya taƙaita ta da kalmominka ba sai ka fahimta. Bugu da ƙari, idan ka sake ganin jimlar rawaya, idonka zai gane ta, sai ka ɗauka ka san ta, alhali gane abu idan an gan shi daban ne da iya kawo shi a ɗakin jarrabawa lokacin da littafi yake rufe. Almajirin da yake wanke allonsa bayan ya bayar da hadda ya san wannan bambanci tun yana ƙarami.

Ban ce a jefar da hailaita ba. Yana da amfani a wurin da ake bukatar ido ya samu abu da sauri, kamar ma'anar wani lafazi na ilmi, ko ƙa'idar lissafi, ko sashen doka da lauya zai nema yana tsaye. Idan za ka yi amfani da shi, ka tsaya a kan launi ɗaya, kuma rawaya ya fi, domin launuka masu duhu kamar shuɗi da kore sukan fito baƙi-baƙi su rufe rubutu idan an yi fotokwafi. Ka shafa kalma biyu ko uku da suke riƙe da ma'anar, ka bar sauran jimlar. Kada ya wuce wuri ɗaya ko biyu a shafi. Kuma duk inda ka sa launi, ka rubuta a gefensa dalilin da ya sa, ko da kalma ɗaya ce. Idan ka rasa abin rubutawa, wurin bai cancanci launi ba.

Akwai littafin da ba ya bukatar ko ɗaya daga cikin waɗannan. Labarin da kake karantawa don jin daɗi bayan sallar isha'i, ka bar shi ya tafi da kai, idan wani zance ya burge ka sai ka sa ɗan ɗigo a gefe ka wuce.

Aikin bai kammala ba sai an koma. Malamai sukan ce ilmi abin farauta ne, rubutu kuma shi ne dabaibayinsa, amma dabbar da aka ɗaure aka manta da ita ba ta amfanar mai ita. Idan ka gama babi, ka je fararen shafukan da ke ƙarshen littafi ka fara naka fihirisar: batu, sai lambar shafi, layi ɗaya ga kowanne. Bayan kwana biyu ko uku ka buɗe babin, ka rufe nassin da takarda, ka bar gefen kawai a buɗe, ka gwada ko taƙaitattun kalmominka za su iya dawo maka da bayanin. Domin wannan ne ya fi kyau wasu daga cikin rubutun gefe su zama tambayoyi, kamar "me ya sa farashi yake tashi idan kaya sun yi ƙaranci?", maimakon maimaita amsar da ke cikin shafin. Ka sake yin haka bayan mako guda, sannan bayan wata guda. Alamomin tambayar da ka bari kuma bashi ne a kanka, ka tattara su ka kai wa malami ko wanda ya fi ka sani, idan an warware ka rubuta amsar a ƙarƙashinsu da kwanan wata.

Wanda yake karatu da littafin aro ko na laburare bai rasa komai daga wannan tsari ba, zai dai mayar da shi cikin littafin rubutu. Ya rubuta sunan littafi da marubuci da shekarar bugu a saman shafi, ya ja layi a tsaye ya raba shafin biyu, siririn ɓangare na lambar shafi, faffaɗan na bayani. Shekarar bugu tana da muhimmanci, tun da lambobin shafi suna sauyawa daga bugu zuwa bugu. Haka ma mai karanta littafi a waya ko kwamfuta: manhajojin karatu sun sa shafa launi ya ƙara sauƙi, jan yatsa kawai, don haka dokar rubuta dalili ta fi zama dole a can, kuma ya riƙa fitar da bayanansa zuwa wani wuri, domin waya tana ɓata, tana lalacewa, ana kuma sauya ta.

Ka tuna cewa littafi yakan fi mai shi tsawon rai, kuma ba ka san hannun da zai faɗa ba, ko na 'ya'yanka, ko na mai sayen tsofaffin littattafai a kasuwa. Kada ka mai da bangonsa wurin rubuta lambobin waya, ko lissafin bashi, ko sirrin gida, ko sukar wani malami da sunansa. A shafin farko ka rubuta sunanka, da garin da ka saye shi, da shekara, idan kuma a gaban malami ka karanta shi ka ƙara sunan malamin da ranar da kuka fara da ranar da kuka sauke. A Risalar kakanmu, hannu ɗaya ne kawai daga cikin ukun ya yi haka, kuma shi kaɗai muke iya ambaton sunansa idan muna yi musu addu'a.